Na Busa Ƙaho a Lokacin Abokan Hamayya

Zuwa ga Malama Fusae,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Lahadi, domin in Lahadi ta wuce shawarar ba za ta amfane ni da komai ba. Kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya shiga bakina, jiya ma a wurin aiki sau biyu ina barin kifi ya ƙone a kan wuta, har mai shago ta tambaye ni ko mutuwa aka yi mana.

Ni mace ce, shekarata hamsin da huɗu, ina aiki a shagon ƙunshin abincin rana kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekara ashirin da shida ina busa ƙaho a ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin besbol na garinmu, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, mu da muke tsayawa a kujerun bayan fili da ganga da tuta. Yayana ne shugabanmu, bari in kira shi Tsuneo, don duk sunayen da ke cikin wasiƙar nan na canza su. Shi ya koya mini busa a ƙarƙashin gadar kogi tun ina 'yar makaranta, in na yi kuskure ya ƙwanƙwashe ni a ka da murfin kwalba.

Mutane suna raina wasannin share fage na watan Maris, wai ba a ƙirga su a cikin kakar wasa. Ni kuwa su na fi so. Sanyi yana ratsa ƙashi, rabin kujeru babu kowa, kina jin ƙarar ƙwallo idan ta faɗa safar hannun mai kamu, kina shan shayi mai zafi kina lissafin wa zai tsaya, wa za a sallama. A nan ne kuma muke gwada sababbin waƙoƙi. Ban taɓa fashin ko ɗaya a filinmu ba, mijina ya daɗe da sallamawa, shi yake dafa wa kansa taliya duk watan.

Akwai wani ɗan wasa, Okonogi, da ya yi mana shekara goma sha shida. Kin san kowane mai bugu da ya isa yana da waƙarsa ta kansa da ake busa masa idan ya fito da sanda. Tasa ni na tsara ta, a kan teburin kicin, goyon 'yata a baya, na yi sati uku ina gyara layin ƙarshe. Bara da aka gama kaka kulob ya sallame shi, ya tsufa, ban ce ba su da gaskiya ba. Amma a taronmu na watan Fabrairu sai Yaya Tsuneo ya raba takardun waƙoƙin bana, ina dubawa na ga karin waƙata, an cire kalmomin an sa sababbi, an ɗora sunan wani yaro da aka ɗauko daga jami'a wanda ko ƙwallo ɗaya bai buga mana ba tukuna. Ko a waya bai faɗa mini ba. Da na tare shi a bakin ƙofa cewa ya yi, "Ke dai kin cika rigima. Waƙa ta ƙungiya ce, ba gadonki ba ce, mutumin nan kuma ya tafi." Na ninke takardar na tafi gida, amma maganar ba ta bar raina ba.

To, ranar Asabar ta makon jiya muka karɓi baƙuncin wani kulob daga arewa. Ashe suna gwada Okonogi, in ya yi abin kirki a watan nan su ɗauke shi, in bai yi ba ya koma gida ke nan. A zagaye na takwas muna gaba da ci ɗaya, mutum biyu nasu suna tsaye a fili suna jiran bugun da zai koro su gida, wato matsayar da ake cin maki, sai na ji an kira sunansa. Ya fito cikin rigar da ba tamu ba, da lamba mai alƙaluma uku a baya irin ta 'yan gwaji, mutum mai shekara talatin da takwas. Magoya bayansu ba su da waƙarsa, sai suka soma masa wadda ake yi wa kowa da kowa, irin wadda ake yi wa wanda ba a san sunansa ba.

Na san ƙa'ida, ni nake koya wa sababbin shiga: idan 'yan wasanku ke bugu ku ke da kiɗa, idan na can ne ku zauna ku ɗora ƙaho a cinya, ko tari mai ƙarfi ba a so. Shekara ashirin da shida ban taɓa karya ta ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Layin farko ni kaɗai na busa. A na biyu wani tsoho a bayana ya ɗauki tsofaffin kalmomin, kafin na uku duk ɓangarenmu ya ɗauka, mutum wajen dubu biyu. Gangunan can suka yi tsit. Yaya yana jan hannun rigata yana cewa, "Zauna! Ke, zauna na ce, kin haukace ne?" Ban zauna ba sai da na kai ƙarshe.

Mai jifanmu a lokacin wani ne Isogai, ɗan shekara ashirin da uku, ya juyo ya dube mu. Jifan da ya yi bayan nan Okonogi ya maka ta tsakanin masu tsaron baya, mutum biyun suka shigo gida. Da ya tsaya a matsaya ta biyu sai ya cire hularsa ya sunkuya wajenmu. Malama, na yi kuka har ban ga fili ba, kuma ko yanzu ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ɗaya ba. An cinye mu. Washegari aka mayar da Isogai rukuni na biyu, na 'yan jiran gurbi, amma wannan ai shawarar koci ce.

Da aka tashi, Yaya ya kwance ƙyallen da yake ɗaure a goshinsa, ya zagaye filin nan kaf da ƙafa har ɓangarensu, ya sunkuya wa shugabansu, wanda Yaya ya girma da shekara ashirin, ya daɗe bai ɗago ba, muna kallo daga nesa. Wani ya ɗauki busar a waya, ta bazu, wasu suna yabona, wasu suna cewa a kore ni. Ofishin kulob kuma ya kira Yaya.

Ga abin da ya yanke. Lahadi mai zuwa ce wasan share fage na ƙarshe. Kafin a buɗe ƙofa in tsaya gaban 'yan ƙungiya talatin da ɗaya in sunkuya in nemi gafara, in rubuta wa shugaban can takardar ban haƙuri da hannuna, sannan idan yaron jami'a ya fito bugu ni zan ja karin waƙar, da sababbin kalmomi. In ba haka ba in ajiye rigar ƙungiya da katin izini, domin ranar Litinin zai miƙa sunayen masu busa na bana, wanda kuwa babu sunansa ko ƙofa ba za a bar shi ya wuce da ƙaho ba.

Ranar Laraba muka je wanke kabarin iyayenmu kamar kowace shekara. Shi yana goge dutse, ni ina jera fure, awa guda abin da ya ce mini kawai, "Miƙo bokitin." Mijina yana cewa, "Haba, sunkuyawa ce fa, kullum sau ɗari kike yi wa masu sayen shinkafa." 'Yata kuma tana cewa, "Mama, kada ki yarda, ke ce jarumar, Kawu ne ya fara." Ni dai haushi ya cika ni, tsoro ya fi haushin. In na sunkuya ji nake na ce waƙar kuskure ce, kuma ba kuskure ba ce. In na ƙi, ban san me zan yi da kaina daga Afrilu zuwa Oktoba ba, ban kuma san ko Yaya zai sake yi mini magana ba. Ya zan yi?

Taki,
Mai ƙaho ta bakin kogi

AMSA

'Yar'uwa mai ƙaho,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma sa aka matso da ita gaba a jerin wasiƙun da ake bugawa don amsar ta riski Lahadinki. Amsata a taƙaice ita ce ki je ki sunkuya. Amma tsaya ki ji me za ki sunkuya a kai, domin kin haɗa abu biyu wuri ɗaya, su ne suka hana ki cin abinci.

Na farko, yayanki ya yi miki laifi, kuma ba ƙarami ba. Ko da waƙa ta ƙungiya ce, wadda ta yi sati uku tana gyara ta ta cancanci a kira ta a waya kafin a raba takarda. Kin ji ciwo, kina da hujjar jin ciwo, kuma abin da kika ji da kika ga Okonogi da lambar 'yan gwaji abu ne mai kyau, ba wanda zai ce ki ji kunyarsa. Ba a nemi ki ce waƙar kuskure ce ba. Lokacin da kika busa ta shi ne kuskuren.

Na biyu kuwa naki ne ke kaɗai. Kin shiga lokacin mutanen da suka yi tafiyar awowi da gangunansu a jirgi, kika rufe musu baki a gaban ɗan wasansu. Ba su da waƙarsa, amma nasu ne yanzu, kuma da abin da suke da shi suka tarbe shi. Sannan dubi yayanki. Bai tura ki ba, bai ce ba ruwansa ba, da ƙafarsa ya zagaye fili ya sunkuya a madadinki kafin ya ce miki uffan. Mutumin da yake neman hanyar korar ƙanwarsa ba haka yake yi ba. Yana da mutum talatin da suka ga an karya ƙa'idar da ake tsawata musu a kai, in ya ƙyale ki don ke ƙanwarsa ce, ƙungiyar ta watse. Kada ki bi ta 'yarki a nan, tana ƙaunarki ne, amma ba ita za ta zauna a gida ranar buɗe kaka ba. Masu yabonki a waya ma zuwa sati mai zuwa sun koma kan wani abu.

Ga yadda zan yi da ni ce. Ki je wurin yayanki ranar Asabar, ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ki fara da naki laifin, ki gode masa a kan tafiyar da ya yi. Sai ki faɗa masa a fili cewa raba takardar nan ba tare da saninki ba ya ƙona miki rai, ki kuma nemi ya ba ki dama ki tsara wa yaron jami'a sabon kari nasa na kansa kafin a buɗe kaka. Roƙo za ki yi, ba sharaɗi ba. Mai yiwuwa ya yarda, domin abin da ya faru ya nuna masa jama'a ba su saki tsofaffin kalmomin ba. Mai yiwuwa kuma ya ƙi. In ya ƙi, ki busa wa yaron ranar Lahadi da duk numfashinki, bai ƙwaci komai a hannun kowa ba. Okonogi ya riga ya ji tasa, ya kuma amsa miki da hularsa, wannan ba mai karɓe miki shi.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi damuna. Wasiƙarki doguwa ce, amma Isogai layi uku ya samu, na ukun ma cewa kika yi shawarar koci ce. Ban ce busarki ce ta mayar da shi rukuni na biyu ba, ba ni da masaniya, ke ma ba ki da ita. Abin da na sani shi ne, shi ma aikinsa yake karewa a ranar, kamar Okonogi, sai dai shi rigarku ce a jikinsa. Ya juyo ya dubi mutanensa a lokacin da ya fi bukatarsu, ya tarar mutum dubu biyu suna yi wa wanda ke gabansa waƙa, ke ce kuma a tsaye. Ba ya cikin waɗanda yayanki ya lissafa miki, don haka babu mai tilasta ki. Ki ɗauki hutun yini ɗaya, ki hau jirgi zuwa filin rukuni na biyu ranar da zai yi jifa, ki bar ƙahon a gida. Ki zauna inda zai gan ki, ki tafa masa da hannu, ki kira sunansa. In kin samu ganinsa a bakin ƙofa, sunkuyawar da za ki yi masa ta fi ta ranar Lahadi wuya, kuma ita ce za ta dawo miki da cin abinci.

Ina miki fatan ganin sunanki a takardar ranar Litinin, da kaka mai albarka a gare ki da yayanki.

Fusae