Taya ta Biyar

Tungar Baƙo, ƙasar Ngaski
Yuli, 1993

Zuwa ga ɗana Maliki,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Halimatu da baƙon da Allah ya ba mu. Ka duba da kyau, wannan rubutun hannuna ne. Malam Peter da ke koya mana karatu da yamma ya ce in kawo ya rubuta mini. Na ce a'a, takardar jikana ba mai taɓa ta sai ni. In ka ga layi ya karkace, murna ce.

Ranar da Tamada mai jirgi ya ƙwala mini kira tun daga cikin ruwa cewa namiji ne, ina gyaran tarun kamun kifi. Nan na bar tarun, ban ma san wanda ya kwashe shi ba. Na bi gida gida ina faɗa. Liman ya ce, "Illo, ai ka gaya mini ɗazu." Na ce to ya sake ji. Sunan Jamilu ya yi mini daɗi ƙwarai. An ce ragon da na sa a jirgi ya yi ta kuka har Yelwa, to ai ba shi kaɗai ya yi hawaye a makon nan ba.

Ka san abin da ya hana ni zuwa suna. Jikin innarka Dudu yana nan yadda ka bar shi, har ya ɗan fi. Ƙafafun sun ƙara kumbura, kunu ma sai an lallashe ta. Amma da ta ji labari ta tashi zaune da kanta, ta ce a kwaɓa mata lalle. Na ce, "Ke da ba ki iya kai bakin ƙofa?" Ta ce, "Na yi sabon miji a Yelwa. Kai tsoho ka nemi inda za ka." Na ce yaron da ba shi da haƙori ne zai raba ni da matata? Ta ce, "Kai nawa suka rage maka?" Rabon da in ji dariyarta tun kafin azumi.

Magana ɗaya nake roƙo. Ka kawo mata shi ta gani. Kada ka jira arba'in, ban ga alamar jikin nan zai jira ba. Ka roƙi innar Halimatu da bakina. Kada ku biyo ruwa, iska ta yi yawa bana, ga kututture a ƙarƙashin ruwa. Ka zo da su a motarka.

Ka gaida surukaina. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Illo

*

Yelwa
Yuli, 1993

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Takardarka ta iso, na karanta, na sake karanta wa Halimatu. Allah ya ba Inna lafiya.

Innar Halimatu ta yarda, muddin a mota ne, kuma ita ma za ta biyo mu saboda wankan jego. Amma Baba akwai matsala. Makon jiya na ɗauko shinkafa daga wani ƙauye bayan Shanga, kututture ya tsaga mini tayar baya daga gefe. Safaya, tayar da nake ajiyewa a baya, ita na ɗaura na fito. Mai faci ya duba, ya ce wannan ta wuce faci. Yanzu taya huɗu kawai ke gare ni, biyun gaba kuma sun suɗe. Na zaga tasha, masu irin motata duk suna kan hanya da tasu, ba wanda zai ba ni aro a daminar nan. Na aika Kwantagora, an ce ranar kasuwa mai zuwa za a zo da ita.

Baba ka san hanyarmu daga inda aka bar kwalta. Ba mai faci, ba gida, sai taɓo da ƙaya, wani lokaci a yini mota ba ta wuce ba. Da ni kaɗai ne, da yau na taso. Amma da mai jego da yaron da cibiyarsa ba ta daɗe da faɗuwa ba, in taya ta fashe a tsakiyar fadama hadari ya taso, ban san abin da zan ce wa mutane ba.

Ka ba Inna haƙuri. Taya na sauka, mu kuma muna tasowa. Na ba Tamada maganin da aka rubuta mata da ɗan sukari.

Ɗanka mai biyayya,
Maliki

*

Tungar Baƙo
Agusta, 1993

Maliki,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarka, kuma ban ji daɗinta ba.

Ni ban san mota ba, amma na iya ƙirga. Da ƙafa huɗu take tafiya, huɗun kuma kana da su. Ta biyar ɗin da take kwance a baya tana barci, ita ce za ta hana uwarka ganin jikanta? Sau nawa ka zo garin nan ka koma ba ka ko taɓa ta ba?

Ranar kasuwa ta wuce. Tamada ya ce ba a kawo ba, wai an ce sai ta gaba. Innarka ta daina shan kunu. Ta sa an juya mata gado yana kallon ƙofa. Ko injin niƙa aka tayar sai ta ce, "Ga su nan." Jiya ta tambaye ni, "Mi ya tsai da angon nawa?" Na ce taya ake jira. Sai ta ce, "Lallen zai goge." Ya kuwa fara gogewa, Maliki. Na ce a sake mata, ta ce hannun ya yi nauyi.

Ban taɓa roƙonka abu sau biyu ba. Ka dogara ga Allah ka taso. In kuwa ka zauna jiran roba har abin da nake tsoro ya faru, kai da zuciyarka.

Mahaifinka,
Illo

*

Yelwa
Satumba, 1993

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da ƙarin ta'aziyya. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Baba ka yafe mini rashin kunyar rubuto maka. Ɗanka bai san na rubuta ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Akwai abin da ba ka gani ba. Da takardarka ta biyu ta zo, ya ɗauki makulli ya fita har ya tayar da mota. Sai ya dawo ya tsaya a kan yaron yana kallonsa, ya ajiye makullin. Ranar da tayar ta sauka, ko abinci bai ci ba muka kama hanya. Tun daga Yelwa har Tunga ba abin da ya same mu. Da muka shawo kwanar gari muka hango maza zaune a tabarmi a ƙofar gida, ya taka burki. Wani mai wucewa ya ce mana da safe aka kai Inna makwancinta. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ko ƙusa ba mu taka ba."

Duk zaman makokin nan, ya ce ba ka dube shi ba. Na ce baƙin ciki ne, ya ce a'a, ya san dalili.

Da muke dawowa, mun yi nisa cikin fadama innata ta leƙa baya ta ce, "Maliki, ina tayar da aka yi ta jira?" Ya ce, "Ta gama aikinta, Inna." Haka muka zo gida ina rungume da yaron ina addu'a.

Tun daga nan haka yake shiga daji, Shanga da ko'ina, ba safaya. Abokansa na tasha sun yi masa faɗa. Wani ya ce, "Kai da kake mana wa'azin taya?" Shekaranjiya taya ta fashe masa, da ƙafa ya fito titi, ya shigo gida ƙafa duk ƙaya, ya hana ni cirewa. A da in ba kowa a ɗaki yakan ɗauki yaron ya yi masa wasa. Yanzu in ya yi kuka sai ya tashi ya fita.

Baba, na rasa suruka mai ƙaunata. Ina tsoron kada in rasa uban ɗana a wani dajin. Maganarka kaɗai zai ji.

Yaron yana lafiya, ya fara murmushi.

'Yarka,
Halimatu

*

Tungar Baƙo
Satumba, 1993

Zuwa ga ɗana Maliki,

Bayan gaisuwa. Tayarka tana bayan rumbu, inda ka jingine ta. Na san ba mantawa ka yi ba.

Ban dube ka ba a zaman makoki don kunyar abin da na rubuta maka ta hana ni. Tsoro ne ya riƙe alƙalamin. Da ka ji maganata ka taso, taya ta fashe muku a fadama da jariri, da yau ban san kabari nawa nake ziyarta ba. Kwanan Dudu ne ya ƙare. Ka tsare mata jikanta, ba ka yi laifi ba.

Laifinka ɗaya, shi ne ka ratsa dajin nan da yaron a komawa ba safaya. Wannan kam na riƙe ka da shi.

Na wanke tayar da hannuna na sa a jirgin Tamada. Ka je bakin ruwa ka karɓa. Ka mayar da ita inda take zama, ka ɗauki ɗanka ka sa a mota, ka kawo mini shi. Ran nan hawaye bai bar ni na gan shi da kyau ba, amma kamar goshin innarka ne da shi. Ina so in duba da rana.

Wassalam.

Mahaifinka,
Illo