Gorar Yaya Sale ta tashi

Riruwai, daren Laraba, daminar 1956

Yau gorar ta tashi, Yaya Sale kuwa ba ya nan. Tun yana gyaran keke a Ƙiru yake cewa gora za ta tashi sama in an zuba mata ruwa, an toshe bakin da totuwa, an ɗura mata iska da famfo. Tasa ba ta taɓa tashi ba, sai dai ta jiƙa shi, mutane su yi ta dariya.

Da safe a wajen haƙar kuza ina riƙe da mesar ruwa, ruwa na feshi gaba, ita tana ture ni baya, sai Yaya Sale ya faɗo mini a rai. Na yi ta tunani. Ashe cika gorar yake yi, iska ta rasa wurin matsuwa. Da na koma gida na zuba ruwa ƙasa da rabi, na kifa ta, na yi ta famfo. Totuwar ta fice, ruwa ya feso ƙasa, gora ta haye danga!

Har na juya zan kira shi.

Matata Hajo ta ce, "Maigida, a kan gora kake hawaye?"

Tun da ya tafi Makka a ƙafa ba mu ji ɗuriyarsa ba. Allah, in yana raye, ka nuna mini shi.