Baƙin Yashi Sai Ya Huce Yake Amsawa

Ya hasken idona, inuwar la'asar ɗina, ruwan randar mai ƙishi, ke da kike yi wa rabin gari allura su warke amma kika bar ni da ciwo,

Gwaggonki ta zo ofishina jiya. Ta zauna a tsakiyar kwalaben yashina, tana janye mayafinta kamar za su cije ta, ta ce in yi haƙuri, kin ce abin namu ya yi sanyi, kuma mai sayar da motoci zai turo magabatansa. Na ba ta shayi, na raka ta har ƙofa, na dawo na zauna gaban takardun ɗalibai, harafi ɗaya ban gani ba.

Sanyi! Ke da kika fi kowa sanin zazzaɓi, yaushe zafi ya zama alamar lafiya?

Kin tuna ranar da jakarki ta faɗi a bakin teku? Maɓallinta mai maganaɗisu ya fito da gemun baƙin yashi, kika ce jakarki ta zama malami irina, saura tabarau. Na gyara murya zan yi bayani, kika ce in adana shi sai mun tsufa. To, ni dai na tsufa jiya da yamma, sai ki saurara.

Baƙin yashin nan ƙarfe ne da ya ƙulla aure da iskar da muke shaƙa, can cikin narkakken dutse. Muddin yana da zafi, ko maganaɗisun duniya kika tara masa ba zai waiwaya ba. Sai ya huce yake amsa kira. Daga nan ruwan sama ya farfasa dutsen, kogi ya niƙa shi ya miƙa wa teku, igiyar ruwa ta yi tankaɗe, ta tafi da farin yashi mara nauyi, ta bar baƙin a gaɓa. Wayyo, farin watana, haka shekaru suka yi da ni! Tafasar ƙuruciya ta wuce, surutu ya tafi da ruwa, abin da ya rage mai nauyi ne, kuma kiranki kaɗai yake ji. Wannan ne kika taɓa kika ce sanyi?

Ba zan yi takara da mai motoci ba, tawa motar ma sai an tura. Roƙona ɗaya: kada ki amsa masa tukuna. Ki zo ki faɗa mini da bakinki, ki dube ni ido da ido. In kin iya, zan yi shiru, abin da ɗalibaina suka daɗe suna addu'a a kai.

Littattafai sun ce yashin nan in ya daɗe a yashe yakan yi tsatsa, ya koma ja, ya daina amsawa. A nan kaɗai nake ƙaryata su. Ko kin zo ko ba ki zo ba, duk ranar da kika kira zan tashi.

Naki har a mayar da ni ƙasa,
Malamin duwatsu