Kan Jirgin da Marigayi Ya Bari

Laraba da dare, daminar 1997

Yau ɗana Sani ya buɗe ɗan kan jirgin ƙasan wasa da ubansa ya bari, zai sa masa na'urar da za ta sa ya bi umarnin maɓalli. Babu wuta, sai na gasa masa ƙusa a gawayi ya liƙa wayoyin da dalma.

Baffansa ya shigo. "Hajiya, ke mai hana yara wasa? Kayan marigayi ake farkewa? Gobe zan ɗauke shi."

Na ce, "Shashanci nake hanawa, Malam. Wannan aiki ne."

Da aka kawo wuta Sani ya danna, jirgin ya motsa. Baya ya yi maimakon gaba, amma ya motsa. Baffa ya zo goben, ni zai tarar a bakin ƙofa.