Mijin Yayata Ya Rage Min Iskar Taya, Ni Ma Zan Rage Masa

Kawu mai shawara, don girman Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya min, domin tura ta kai bango.

Ni kafinta ne, kuma a hannun mahaifina na koyi sana'ar. Da ya rasu, abin da ya fi daraja cikin abin da ya bar min shi ne injinsa na goge katako, tsohon inji na ƙarfen zubi, irin wanda ƙarti sai sun yi nishi kafin su motsa shi. Mariƙinsa har ya lotsa daidai inda Baba yake ɗora tafin hannunsa. Ina da a-kori-kura da nake jigilar katako da ita, da ƙaramar tirela da nake maƙala mata idan kaya sun yi yawa. Tayoyina kullum a cike suke tam, domin ni mai ɗaukar nauyi ne.

Sai kuma mijin yayata. A gida Injiniya muke ce masa, ba don ya taɓa gyara ko fitila ba, sai don babu abin da bai sani ba a duniya. Kana gyaran famfo zai tsaya maka a ka, kana yanka kankana zai koya maka riƙon wuƙa. Kwanakin baya ya ari motar zai kai Mamarmu asibiti saboda ciwon bayanta, tasa tana gareji. Ashe a hanya ya ga motar tana tsalle kamar kwaɗo tunda babu kaya a bayanta, Mama tana cije baki, sai ya tsaya ya sa tsinin makulli a bawul ya rage wa tayoyin iska. Babu ma'auni, babu komai, da ido da kunne kawai. Ya dawo ya miƙo min makulli, har ya tsaya ya sha shayi a shagona yana ba ni labarin siyasar duniya, amma bai ce min uffan a kan taya ba.

Washegari nake ƙaura zuwa sabon shago. Muka ɗora injin Baba a tirela, na cika bayan motar da katako, na kama hanya rana tsaka. Na ji sitiyari yana ɗan lilo, na ɗauka nauyi ne. Ina gangarowa wata kwana tayar baya ta yi bindiga. Tirela ta fizgi motar, ta kife cikin lambatu. Ni Allah ya tsare, sai targaɗe a wuyan hannu, amma injin ya tsage tun daga teburinsa har ƙafa. Mai walda ya duba ya girgiza kai, ya ce ko an ɗinke ba zai ƙara goge katako a miƙe ba. Kawu, ni da gemuna na durƙusa a bakin titi na yi kuka, mutane suna kallona.

Mai faci ne ya auna sauran tayoyin ya tambaye ni ko da gangan nake yawo da rabin iska. Da na tunkari Injiniya, ko a jikinsa. Wai ai taimakon Mama ya yi, wai iska ce kyauta ake shaƙa, wai direban kirki ba ya tayar da mota bai zagaya ta ba. Bai tsaya nan ba. Ranar da muka taru a gidan Mama, a gaban 'ya'yana ya raɗa min suna Direban Lambatu, aka kwashe da dariya, har matata sai da ta rufe baki da mayafi. Yaya kuwa haƙuri kawai take ba ni, wai na san halinsa. Na san halinsa mana, shi ne bai san nawa ba.

Yanzu ga shi Allah ya kawo shi hannuna. Zai sauya wa kantinsa mazauni, kuma da bakinsa, ba kunya ba tsoron Allah, ya aiko a ce in ba shi aron mota da tirela ya kwashe firij-firij ɗinsa da ya fi ƙauna fiye da 'ya'yansa. Na ce to. Niyyata da safe kafin ya zo in sa tsinin makullina a bawul, in rage daidai yadda ya rage, in miƙa masa makulli, in ba shi shayi ma. In direban kirki ne ai zai zagaya ta. So nake in gan shi tsaye a bakin titi hannu a ka, in ga wane suna za a raɗa masa. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma wallahi ko abinci nake ci wannan hoton nake gani ina jin daɗi. Abin da ya sa na rubuto kawai, duk lokacin da na shiga shago na ga injin jingine a bango, sai in rasa ko Baba zai sa min albarka ko zai tsinka min mari. Ka faɗa min gaskiya, ina da laifi in na rama?

Kafinta mai ƙunar zuciya.

*

Ɗana kafinta, sannu, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kukan da ka yi a bakin titi babu abin kunya a cikinsa, kuma fushinka yana kan hanya. Wanda ya taɓa tayar motar aro wajibi ne ya faɗa, wanda ya jawo asara kuma ba shi da bakin raɗa suna. Surukinka ya yi laifi, ya kuma ɗora rashin mutunci a kai.

Amma laifi tudu ne. A-kori-kura da aka cika wa taya don kaya, in ta tashi babu komai, dole ta yi ta dukan mai zama, kuma mai ciwon baya ya ɗauko. Tunaninsa bai ɓaci ba, hannunsa da shirunsa ne suka ɓaci. Kai kuma ka ɗora abu mafi tsada a rayuwarka a kan tayoyin da suka dawo daga hannun wani, ba ka auna ba. Maganarsa ta direban kirki da ɗaci, amma ba ƙarya ba ce.

Ga abin yi daga yau. Ka sayi ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, domin ido da shuri da ƙafa ba sa gane tayar da ta ragu. Ka buɗe ƙofar direba, yawanci a jikin ginshiƙin ƙofar akwai sitika da ke nuna iskar da ta dace, wasu motocin har kashi biyu, na mota wayam da na mota da kaya. In ta goge, ka nemi littafin motar. Lambar da ke jikin taya iyakarta ce, ba abin da za a riƙa sawa kullum ba. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, kada kuma a rage wa taya mai zafi iska don an ga ta hau. Ranar jan tirela tayoyin baya ne ke shan wuya, a kai su awon kaya, a duba na tirelar ma. Tayar da ba ta ƙoshi ba, in nauyi ya danne ta, lanƙwasa take ta yi tana zafi har ta fashe.

Batun ramuwa kuwa, a'a, da babbar murya. Shi bai san abin da zai faru ba, kai ka sani, kuma wannan bambancin shi ne tsakanin wauta da mugunta. Motarka ce, in ba ka so ka hana shi, ka faɗa masa dalili ido da ido. In za ka bayar, ka kira shi gaban Mama da yayarka tukuna, ka faɗi abin da injin nan yake a wurinka, ka ce haƙuri kake so ya ba ka kuma sunan nan ya mutu daga ranar. Sannan ka miƙa masa ma'auni, ya durƙusa da babbar rigarsa ya auna tayoyin ɗaya bayan ɗaya kana tsaye. Wannan ramuwar na yarje maka, ka more ta.

Kana ta hango shi tsaye a bakin titi, amma babu wanda ya yi maka alkawarin zai fito da ƙafafunsa, kuma titin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ba ka kuma faɗa min wa zai zauna a gefensa ranar ƙaurar ba. Ka tambaya kafin ka taɓa bawul, domin mai kanti ba ya ƙaura ya bar matarsa a gida, kuma matarsa yayarka ce, ita ce ta goya ka.

Allah ya huci zuciyarka, ya warkar da hannunka, ya ba Mama lafiya, ya kuma sa albarka a sabon shago.

Kawunku.