Sunanka a Bakina, Saboda Takardar Baffa

Unguwar Nasim, Riyad.

Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa. A wannan gurbin na wasiƙa ne ka koya min a sa "ina fata kana lafiya kamar yadda muke lafiya", to yau ban san abin da zan sa a wurin ba. Sai dai in ce Allah ya yalwata maka makwanci, ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Shi ya sa ma na saki jiki nake rubutawa, tunda babu mai bin ta da jan biro yana zagaye min kalmomi, kamar yadda ka saba yi wa wasiƙun da nake aika wa Yaya Asabe.

Ina nan wurin ɗanka Likita har yanzu. Na zo ne in ɗan huta bayan takaba, ga shi azumi ya same ni a nan, ya tafi, ya sake dawowa ya tarar da ni. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Zafin garin kuwa, in ka buɗe ƙofa da azahar sai ka ce murfin tukunya ka ɗaga. Matarsa Rukayya tana kula da ni sosai, illarta ɗaya, ta ɓoye min gishiri.

To gyara zama, hedimasta, ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Takwaranka, jikanmu Baffa, ba ya zuwa makaranta.

Na san da kana nan da tuni ka cire tabarau ka ajiye. Ba korarsa aka yi ba, kuma ba gudu yake ba. Ka tuna ka bar Baffa da ɗan in'ina? Abin ya ƙaru da aka sa shi makaranta a nan. Yara suka riƙa kwaikwayonsa, malamar kuma ba muguwa ba ce, amma aji ba ya jira. Kullum da safe ciwon ciki, ban da Juma'a da Asabar da ba a zuwa. Daga baya ya daina magana ko a gida. A tambaye shi zai ci shinkafa, sai ya gyaɗa kai. Ni da nake kiransa angona ina tsokanarsa cewa bai biya min kuɗin cefane ba, sai ya kalle ni kawai. Wannan ne ya fi ci min rai, Malam. Ango ya daina ramawa.

Rukayya ta ajiye aikinta na jinya ta ce za ta riƙe shi a gida. Na ce to, madalla, na zaci za a sayo allo da alli da ƙararrawa. Ina! Babu benci, babu jadawali, babu "ku miƙe ku gai da malam". Wai yaro ya bi abin da ransa ke so, karatun zai biyo shi a baya. Akwai sunan da Turawa suka sa wa abin, ta faɗa min har ta gaji, harshena ya ƙi ɗauka. Ni dai na raɗa masa kiwon sake, irin na akuyoyin unguwarmu da rani. Karatun Alƙur'ani kaɗai ne ba a saki ba. Yana zuwa masallacin unguwa bayan magariba, kuma ka ji ikon Allah, in yana tilawa harshen ba ya sarƙewa ko kaɗan.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko bayan Likita na bi. Jikan hedimasta guda yana kwance a ƙasan falo yana kallon taswirar jirgin ƙasan cikin gari, wai karatu yake? Me zan ce wa mutanen gida in sun tambayi ajinsa nawa?

Sai na zauna ina kallo, tunda ba ni da wani aikin. Wata rana na yi ƙorafin na yi kewar miyar yakuwa. Yaron nan ya sa uwarsa ta kai shi kasuwar Batha, suka samo iri a shagon wani Basudane, ya hau rufin gida da bokitai. Shuka ta farko rana ta ƙone ta. Ta biyu ya kashe ta da ruwa. Bai yi kuka ba, sai ya hau auna inuwa da igiya, yana zana inda take kaiwa da hantsi da inda take kaiwa da la'asar, yana tarar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yana aunawa da kwalba. Ta uku ta yi ganye. Ranar da muka sha miyar ya yi min bayani tun daga saiwa har fure, da in'inarsa da Larabcinsa da guntuwar Hausarsa, bai tsaya ba har tuwo ya huce.

In ina ƙullin masa, wato waina, shi ke riƙe da gwangwanin awo, in na ce a ninka saboda baƙi, shi zai faɗa min rabi da kwata sun koma nawa. Tatsuniya kuwa ɗaukata yake a waya, ya je ya rubuta, gobe in na sauya ƙarshen ya kama ni. Na ce masa haka tatsuniya take, ba ta son a ɗaure ta. Ya ce wallahi Kaka ƙarya ce dai kawai. Na kuma ba shi tarihinka. Na ce masa kana da ido a ƙeya a ƙarƙashin hula, shi ya sa ba a taɓa satar amsa a ajinka ba. Ya rubuta, amma ya sa a gefe wai "ba a tabbatar ba". Ka ji jininka.

To amma duniya ba ta san yakuwa ba, takarda ta sani. Yadda Rukayya ta yi min bayani, duk ranar da yaron zai zauna jarrabawa ko ya koma aji, a nan ko a gida, sai an ga shaida mai hatimi cewa shekarun nan ba barci ya yi ba. Don haka suka yi masa rajista da wata makarantar nesa a ƙasar Turawa, wadda dokar wurinsu ta yarda yaro ya yi karatu a gida, da sharaɗin duk shekara wata malama mai lasisi ta duba aikinsa, ta gan shi, ta sa hannu. Likita kuma ya kafa nasa sharaɗin, a gabana, da muryar nan taka da ba ta hawa ba ta sauka. Ya ce in takardar ba ta fito ba kafin a koma sabon zango, Baffa zai sa yunifom. Baffa yana bayan labule, ya ji. Washegari ciwon cikin ya leƙo.

Da ka ga Rukayya a kwanakin nan da ka tausaya mata. Ta baje hotuna da zane-zane a ƙasa tana rabawa kamar mai tsintar wake, don dokar ba ta san "ya hau rufi" ba, sai an faɗa mata da sunan darasi. Yakuwa ta tafi kimiyya. Masa ta tafi lissafi. Taswirar jirgi ta tafi labarin ƙasa. Hawa da sauka da bokiti aka ce motsa jiki ne. Da aka zo kan harshe da tarihi sai na ga ta ɗago ta kalle ni. Malam, ni Ladi, da iyakata ajin yaƙi da jahilci da ɗan abin da ka ɗura min a tsakar gida, aka rubuta ni malama. Kai ka yi shekaru kana jiran ƙarin girma, ni ina kishingiɗe nawa ya zo.

Ranar dubawar Likita yana asibiti. Bayan la'asar aka kunna kwamfuta. Na sha lafaya, na fesa turare, Baffa ya ce Kaka ai ba ta jin ƙanshi ta nan, na ce ba don ita na fesa ba. Sai ga wata Baturiya tsohuwa, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da tabarau mai sarƙa, kyanwa tana ta kai da kawo a bayanta. Ta tambaye shi yakuwa. Ya fara, ya maƙale a wata kalma, na ji kamar in ciro masa ita da hannu. Matar nan ta zauna ta jira, ba ta ƙarasa masa ba, ba ta kalli agogo ba. Kai da kake ƙarasa wa liman ma zancensa, da ka koyi wani abu. Ya kuwa ɓalle, har igiyar awon ya ɗauko ya nuna mata.

Can sai ta gyara tabarau ta ce akwai abu guda da ya ɗaure mata kai. Duk aikin nan an rubuta Baffa a kai. A hotuna masu motsi uwar tana cewa Baffa, uban yana cewa Babana, tsohuwar nan kuma tana faɗin wani abu daban. Sunan da ke kan fasfo da rajista bai fito ko sau ɗaya ba. Ta yaya za ta sa hannu cewa yaron da aka yi wa rajista shi ne mai aikin?

Mu ko a jikinmu ba mu taɓa lura ba. Wa zai kira sunan a gidan? Ɗanka? Surukarka? Ni?

Ta ce wa yaron ya faɗi cikakken sunansa. Malam, ashe babu kalmar da take yi masa nauyi kamar ita, ga shi ba a saba masa da ita ba. Ya kama harafin farko ya kasa saki. Na ga idonsa ya koma ƙasa, irin kallon nan na lokacin makaranta. Matar ta ce ya bari, ba komai, dama ƙa'ida ita ce wani babba da ya koyar da shi, wanda ba uwa ba uba ba, ya faɗa a naɗe: ni wance, na shaida wane ɗan wane shi ya yi aikin nan. Duk ɗakin babu wani babban sai ni.

Rukayya ta shiga yi mata bayani da Turanci, kanta a sunkuye, cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma yaron sunan kakansa ya ci. Baturiyar ta dafe ƙirji ta ba da haƙuri, ta ce za a iya ɗagawa a nemo wani mai shaida, sai dai layin yana da tsawo, ba ta san yaushe za ta sake samun wuri ba. Ni ba na jin Turanci, sai ɗan abin da Rukayya take juya min da Hausa, amma na ga fuskar Rukayya, na kuma ga Baffa ya sa hannu ya dafe ciki.

Kai shaida ne, tun ranar da aka kawo ni gidanka ban taɓa faɗa ba. Ka sha ɗana min tarko. Ka ce in karanto maka sunayen surori a jere, na zo wurin na ce "mai sunan Malam" na wuce. Ka aike ni kiran ɗan maƙwabta takwaranka, na tsaya a zaure na ce kai yaro, zo. A garin nan ma akwai wani ɗan lemo mai sauƙin ɓarewa da Larabawa suka sa wa sunanka, in mun je kanti da yatsa nake nunawa. Duk wayonka ba ka ci nasara ba. Sai ga wata tsohuwa mai kyanwa ta yi a zama ɗaya.

Na matso kusa da kwamfutar, na gyara lafaya, na ce ni Ladi, kakarsa kuma malamarsa, na shaida. Sannan na faɗa. Ban yi raɗa ba. Yadda kake kiran rajista da safe a filin makaranta, haka na faɗe shi, da na ubansa, da naka a ƙarshe, ka ga sau biyu ke nan a numfashi ɗaya.

Rufi bai faɗo ba. Rukayya ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya saki baki yana kallona, sai ya fashe da dariya har da faɗuwa daga kujera, yana cewa Kaka ta faɗa, Kaka ta faɗa, babu in'ina ko ɗaya. Na ce angon banza, an fitar da kai kunya kana dariya. Da Likita ya dawo tun a bakin ƙofa aka tare shi da labari. Sai ya shige banɗaki ya daɗe, ya fito ido jajir wai mura ce ke damunsa.

Takardar ta fito, da hatiminta. Likita ya juya ta gaba da baya, ya ce to, bana dai an wuce. Yunifom yana nan cikin leda a saman kwaba. Yanzu tattabaru ne suka shiga ran yaron, Rukayya tana ta tunanin wane darasi za ta kai su.

Da kana nan za ka yarda da kiwon saken nan? Na sha tambayar kaina. Ina jin da ka yi mako kana faɗa, sannan wata safiya mu neme ka mu rasa, mu same ka a kan rufi da rula kana gyara masa awon inuwa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Na zaci zai yi min nauyi a baki, sai na ji ya fito sumul kamar dama a bakin ƙofa yake tsaye. Ashe duk shekarun nan ina faɗinsa a ciki, in ka makara a hanya, in kana tari da asuba, da ranar da aka fita da kai. Ban san yana da daɗin faɗa haka ba. Kai da ka sani, me ya sa ba ka matsa ba?

Na koma nuna lemo da yatsa, kada ka ce na lalace a ƙasar mutane. Amma an ce duk shekara sai an sake dubawar. Rukayya, don ta sauƙaƙa min, ta ce baɗi za ta roƙi malamin masallaci ya yi shaidar. Na ce mata kada ta soma, malamar harshe da tarihi tana nan da ranta.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Ka huta lafiya, Yusufu.

Taka, wadda ka ce ba ta jin magana a aji,
Ladi.