Kwanso Biyu a Bakin Taga

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo. Shekara ashirin da biyu tana tsaron ɗakin makamai a soja, ta yi ritaya, ta shigo shago da jaka ɗaya kamar wadda aka aika kasuwa. Baba ya miƙe tsaye. Baban da gwiwa ba ta barinsa ya ɗebo wa kansa ruwa, ya miƙe, har da sara mata. "Saje! Saje ta iso!"

Ni ina bakin teburi, man bindiga har gwiwar hannuna. Shekara ashirin da shida nake gyaran bindigogin mafarauta da na masu gadin gandun daji a shagon nan, ba a taɓa miƙewa domina ba.

Ta rungume ni ta ce, "Yaya, kin yi furfura." Na ce ƙurar ƙarfe ce.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙarshen watan nan za a sabunta lasisin shago. Baba ya ce hannunsa ya fara rawa, ba zai ƙara sa sunansa ba. Suna ɗaya takardar ke ɗauka. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Zan duba in gani."

Duba me? Wa ya riƙe shagon nan lokacin da ya kwanta wata biyar a asibiti? Wa ya karance littattafan nan da ke kan kanta har bangonsu ya cire? Ni yake kira Malama, da wata 'yar dariya a ƙarshe, kamar karatu ciwo ne. Ita kuma Saje, da cikakken baki.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta tana kwakkwance bindiga ba ta ko kallon hannunta, kuma da hagu. Baba ya kira mai shayin ƙofa ya zo ya gani. Mai shayi!

Talata, 11 ga Maris

Jiya ta ɗauki Baba suka tafi filin gwaji da tsohuwar bindigarsa, wadda ya hana ni taɓawa sai da na kai shekara talatin. Ta sayo kwali huɗu na harsashi irin na soja a wurin dillali, wai shi hannunta ya sani. Suka dawo suna dariya. Baba ya ce sakatar da ke kulle harsashi a ciki ta ɗan yi tauri wajen buɗewa, tsufa ne, kamar mai ita.

Yau da safe na juye bokitin kwanson harsasan da aka harba, kamar yadda na saba. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki na biyu, na zauna.

Ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, wanda allura ke bugawa wuta ta tashi, ya baje kamar an taka shi da guduma. A guda ɗaya ma ya fice gaba ɗaya, sai rami baƙi. A jikin bindigar Baba an buga .223. A kwalinta an rubuta 5.56.

In ka ajiye su gefe da gefe ko uwarsu ba za ta raba su ba. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, kowanne na shiga mazaunin ɗan'uwansa lafiya lau. Amma na soja an yi shi ne don bindiga mai dogon maƙogwaro, inda harsashi ke samun ɗan fili kafin ya kama bututu. Ta Baba maƙogwaronta gajere ne. Ba fili, sai matsi ya hau, ya nemi hanya ta baya. Bayan kuwa nan fuskar mai harbi take.

Ba ta sani ba. Ina za ta sani? Shekara ashirin da biyu a wurin da kowace bindiga ke cin abin da aka zuba mata.

Na cire sakatar na kulle a aljihun teburina, na ce goge ta zan yi. Ba wanda zai rasa ido a gidan nan. Amma ban faɗa ba. Asabar mafarauta ke cika bencin ƙofa.

Na san abin da nake yi. Ba sai wani ya gaya min ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na yi.

Su bakwai a benci, Baba a tsakiya yana ba da labarin yadda Saje ta huda tsakiyar allo sau biyar. Na fito da faranti, kwanso shida a kai, na ajiye masa a cinya. Na ce, "Baba, tambayi sajenka wane harsashi ta ɗura wa bindigarka." Na bi musu bayani tiryan-tiryan, har da zane a bayan kwali. Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Wani tsoho mai kunne ɗaya ya ce, "Kai! Malama ta ɗaure soja!" Aka fashe da dariya. Baba bai yi ba.

Na jira ta yi musu. Na tanadi amsa uku.

Ta ɗauki wanda ya huje, ta juya shi a hasken rana, ta daɗe. Sai ta ce, "Gaskiyarki, Yaya. Wallahi ban sani ba. Ashe Baba na sa a gaban wannan haɗari." Ta dubi Baba, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "A wane littafi kika gani? Ara min."

Ara min! Na kwana huɗu ina wasa wuƙa, ta miƙo min wuya ta ce na gode.

Lahadi, 16 ga Maris

Maigidana ya ce ai na ci nasara, me ya sa nake buga tukwane.

Laraba, 19 ga Maris

Ta cinye littafin cikin kwana uku, ta dawo da shi da 'yan takardu a tsakanin shafuka. Tambayoyinta masu kyau ne, abin haushi. Yanzu Baba yana ce wa mutane, "Saje akwai ɗaukar gyara." Ni na yi gyaran, ita aka yaba wa ɗauka.

Dogo, shugaban masu gadin gandu, ya kawo tsohuwar bindigar soja da aka raba musu, 7.62, ba ta fitar da kwanso. Na canja mata ƙugiyar da ke fizgo kwanso, na harba ɗaya a ramin yashin gwaji da harsashin .308 na kanti, ta tofar da shi tsaf. Na rataya mata katin "an gama", na haɗa masa kwali biyu na irin harsashin. Minti arba'in. Na tabbatar Baba ya ga agogo.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Na shigo da safe na tarar babu kati a bindigar Dogo. Auta na zaune a wurina. Na buɗe baki zan sauke mata kwandon faɗan da na daɗe ina cikawa, sai ta tura ƙofar ciki da ƙafa don kar Baba ya ji, ta miƙo min kwanson da na harba jiya. A rami ta tsince shi.

Zobe. Siririn zobe mai ƙyalli a jikinsa, ɗan sama da gindi. Na sa farce na ji shi.

Ta ce, "Yaya, irin waɗannan na yi shekaru ina jefarwa. Mazaunin harsashi a bindigar soja a sake ake yinsa tun farko, don ta ci ko da ƙasa a ciki, ga kuma tsufa. Kwanson soja na da kauri, yana jurewa. Na kanti siriri ne, miƙewa yake yi. Wata rana zai rabe biyu." Ta sa ma'aunin zurfin mazauni, wanda in bindiga lafiya take bai kamata sakata ta rufe a kansa ba. Ta rufe, ƙwas, ba ko gardama.

Na sani. Abin da ke cina ke nan, na sani! Yana cikin littafin da na ara mata, babi na gaba. A ƙaramin harsashi na soja ne ke cutar bindigar gida, a babban kuwa abin kan juya, na kanti ne abin tsoro a tsohuwar bindigar soja. Na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro shekara goma da suka wuce. Jiya ma'aunin yana aljihun teburi, kusa da sakatar Baba da na ɓoye. Ban ɗauko shi ba saboda ina kallon agogo, ina kallon Baba yana kallon agogo.

Dogo yana da 'ya'ya biyar.

Na ce, "To, je ki faɗa masa. Asabar ma ba nisa."

Ta ce, "In faɗa masa me? Bindiga ba ta bar shago ba." Ta saka kwanson a aljihun rigata ta aiki, ta tafi wanke hannu.

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Asabar, 22 ga Maris

Benci ya cika. Na yi ta jira. Ta zauna tana ba su labarin wani kwamandansu mai tsoron kyankyaso. Ko kallona ba ta yi ba. Dogo ya zo, na ce masa bindigarsa ba ta harbuwa sai an sake mata aiki, ya ce, "Shi ya sa nake kawo wa Malama, idonta ba ya barci." Auta ta ce, "Sosai."

Har shirunta ya fi nawa kyau. Wannan ma sai ta fi ni.

Laraba, 26 ga Maris

Baba ya kira mu, takarda a gabansa. Ya ce, "Na duba. Saje hannu gare ta, amma Malama ba ta taɓa rataya kati a bindiga mai aibi ba, ko sau ɗaya. Ita za ta sa suna." Ya turo min biro.

Shekara ashirin da shida nake jiran wannan magana, ta zo kuma ba gaskiya ba ce. Auta tana gefe tana murmushi, tsakani da Allah take yi, na duba sosai.

Na ce kaina na ciwo, gobe.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kai wa Baba kwanson mai zobe. Ban yi zane ba wannan karon. Ya sa tabarau, ya bi zoben da farce, sannan ya ɗago.

"Wa ya gani?"

"Auta."

"Ba ta gaya min ba."

"Na sani."

Ya ce, "Ke kuma da kika ga nata, sai da kika tara mata gari." Na ce eh. Ya ce tun ranar abin ke masa ciwo, ba don ita ba. Ban tambaye shi don wa ba.

Sai ya sake turo biron. "Wadda ta kawo min wannan da ƙafarta nake ba wa. Sa hannu, Malama." Ba dariyar nan a ƙarshe. Na saurara, babu.

Na sa. Na mayar masa da biron.

Litinin, 31 ga Maris

Na kai takarda, an buga hatimi. Sunana ne.

Na sa an buga sabbin katuna masu layi biyu. Daga yau ba bindigar da za ta fita sai mutum biyu sun sa hannu. Tsari ne kawai, kowane shagon kirki haka ya kamata ya yi. Na kuma mayar da fitilar teburi ɓangaren dama, don bahago inuwar hannunsa ke rufe masa aiki. Ni ma dai can ta fi min.

Kwanson nan biyu suna bakin taga, nata mai rami da nawa mai zobe. Ita ta jera su. Na ce ta kwashe, ba ta kwashe ba, ni kuma ban da lokaci.

Har yanzu in ta shigo Baba sai ya yunƙura zai miƙe. Har yanzu yana min zafi, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Yau da ya yunƙura ni na riƙe masa gwiwar hannu har ya tsaya.

Don kar ya faɗi ne.